Man Shanu a Gangar Ustaz Tufail

Duk wanda ya zauna a unguwar Dokki ta Alƙahira, a layin nan na bayan kasuwar kayan miya, ya san Ustaz Tufail ko da bai san sunansa ba. Wani siririn tsoho ne Ba'indiye mai farar riga har gwiwa, wanda ya shekara talatin a Alƙahira amma Larabcinsa bai taɓa miƙewa ba. A gidan makaɗa aka haife shi a arewacin Indiya. Kawunsa ne ya koya masa waƙa da kiɗa, irin koyarwar da yaro zai yi wata da watanni yana jan sauti ɗaya kafin a bar shi ya taɓa na biyu. Bai yi suna ba. Abokan koyonsa sun cika manyan zauruka, shi kuwa ya ƙare a bayansu yana yi musu kiɗa. Da aka nemi mai koyarwa a Masar ya zo da niyyar shekara biyu, ya auri wata Bamisiriya, shi ke nan zama ya kama shi. Matar ta rasu ba su haihu ba. Murya ta dushe da tsufa, amma hannu, kai, hannu yana nan kamar na saurayi.

Abin da ya mallaka a duniya gangunansa ne guda biyu da ake kira tabla, babba mai kauri da ƙarama mai zaƙi, kowace da baƙin tabo a fatarta. Ƙaramar ta kawunsa ce. Idan ya buga gefenta da yatsa ɗaya sai sautin ya tashi ya tsaya a ɗakin yana ja, wannan jan shi Ustaz yake kira jela. Yakan ce gangar da ba ta da jela tukunya ce kawai.

Badamasi kuwa mutumin Ƙaura Namoda ne. Karatu ya kawo shi, karatu ya ƙi, ya zama direban wani ofis a layin, yana zaune a unguwar Hayyin Ashir da matarsa Awadiyya, Bahaushiyar Sudan, da 'yarsu Hawwa. Idan aka tambaye shi sana'ar mahaifinsa sai ya ce noma. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, mahaifin ya yi noma, amma makaɗin kotso ne, kuma da kotso ya ciyar da su. Tun da Badamasi ya shiga cikin ɗaliban ilimi ya binne wannan zance, har mahaifin ya rasu bai taɓa faɗa wa kowa ba.

A shekarar 2011, lokacin da gari ya rikice da zanga-zanga, yana zaune a mota yana jiran maigidansa sai ya ji kiɗa daga bene. Yatsunsa suka fara bi a kan sitiyari ba da izininsa ba. Bai san lokacin da ya hau benen ya ƙwanƙwasa ƙofa ba, da aka buɗe kuma sai ya ce wai ruwa yake nema. Ustaz ne ya buɗe, ya dube shi, ya dubi yatsunsa, ya ce ya cire takalmi ya shigo.

Haka abota ta ƙullu. Rikicin ya kori ɗaliban Ustaz, ba wanda ya rage sai wasu 'yan mata biyu masu koyon waƙa, saboda haka Badamasi ya zama mai sauraronsa. Yana kawo masa magani, yana kai shi asibiti, tsohon kuma yana kiransa ɗana. Doka biyu kawai ya kafa masa: kada ya tsallake ganga, kada ya taɓa fatarta. Badamasi ya ce tamam, ya yarda. A ransa kuwa dariya yake yi, don shi da aka haifa a cikin kotso wa zai koya masa fata? Ya san baƙin abin nan sarai. Nake ne, irin danƙon da mahaifinsa yake liƙawa a tsakiyar kotso, ya kanga shi a wuta ya murza da babban yatsa har sauti ya daidaita. Bai tambaya ba, don tambaya za ta tona asalinsa.

Da sanyin 2013 ya shigo, Ustaz ya fara ƙorafin cewa ƙaramar ta yi nauyin baki. Likita ma ya gaya masa kunnensa na hagu ya soma ja da baya, abin da ya tsorata shi ƙwarai. A wannan tsakanin aka kwantar da shi don cire masa yanar ido, ya bar wa Badamasi makulli ya riƙa ba shukokinsa ruwa.

To, a nan ne mutuminka ya ce bari ya yi abin kirki. Ya ɗebo man shanun Awadiyya a murfin kwalba, ya kanga gangar a kan risho, ya shafa, ya murza da babban yatsa kamar yadda ya ga ana yi tun yana yaro. Yana yi yana jin daɗi, har yana hango fuskar tsohon. Ashe baƙin tabon ba danƙo ba ne. Garin ƙarfe ne da ƙullun shinkafa, ana ɗora shi shafi bisa shafi, kuma ba shi da maƙiyi kamar maiƙo. Fata ta shanye man tas. Da ya buga sai ya ji ɗif, kamar an mari katifa. Ya goge, ya barbaɗa hodar da Ustaz yake sa wa yatsunsa, ya sake gogewa. A ido ba abin da ya canza, amma jela ta tafi.

Ranar da ya dawo da Ustaz gida, ido ɗaya a naɗe, tsohon ko shayi bai jira ba ya ce a miƙo masa ƙaramar. Ya buga. Ya karkata kai ya sake bugawa. Ya ɗauki 'yar gudumarsa ya daddaki gefen, ya buga, ya juya kunnen dama. Daga nan ya ɗago fuska.

"Ɗana, gaya mini gaskiya. Kai kana jin jelar?"

Da Badamasi ya ce a'a, da magana ta ƙare a faɗa da zagi da neman sabuwar fata. Amma tsoro ya riga shi buɗe baki.

"Ina ji, Ustaz. Kamar kullum."

Tsohon ya ajiye gudumar. Can ya ce khalas, wato shi ke nan, abin da likita ya faɗa ya tabbata, kuma kawunsa ya hore shi cewa makaɗin da kunnensa ya mutu ya tashi da kansa kafin a tashe shi. Ya naɗe gangunan a zane, ya sa Badamasi da hannunsa ya ɗora su a kan kabad. Ya buga wa 'yan matan waya ya sallame su. Kaset ma ya daina kunnawa, ya ce ba zai saurari rabin abu ba.

Wallahi Badamasi ya so ya faɗa. Ya sha hawa benen da maganar a bakinsa, sai ya tarar da tsohon zaune a taga, hannuwa a cinya, yana yi masa godiyar ɗawainiya, sai maganar ta koma ciki. Kullum aka ƙara kwana sai ta ƙara nauyi. Ya ninka hidima, ya kawo lemo, ya gyara famfo, kowace godiya kuma sai ta zauna masa a ƙirji. Kunya ce ta ci shi, ba wani abu ba, kunyar ƙaryar da kunyar asalin da ya jawo ta. A gida ya daina cin tuwo idan an sa man shanu.

Awadiyya ba ta da haƙurin irin wannan. Ta sa masa ido har ta gaji, wata rana ta tsare shi a kan tabarma, shi kuma ya zazzage mata komai, har da kotso. Batun kotson ko a jikinta, ta ce kakarta ma mai kiɗan ƙwarya ce a Wad Madani. Ƙaryar ce ta ƙi yafewa.

"Abu Hawwa, ganga ka ɓata, wannan kuskure ne. Amma ka bar bawan Allah yana makokin kunnen da yake da rai."

Lokacin an shiga 2015. Badamasi ya yi cigiya har ya gano wani tsohon ɗalibin Ustaz a Giza, ya aro ƙaramar gangarsa. Ya hau benen da rana tsaka, ya cire takalmi, ya durƙusa. Bai yi gaisuwa mai tsawo ba don kada zuciyarsa ta sake guduwa. Ya kwance zanen da ya naɗo gangar aron a ciki, ya buga gefen fatar da yatsa ɗaya. Sautin ya tashi ya tsaya a ɗakin yana ja.

Tsohon ya juyo daga taga a hankali. Badamasi ya faɗi komai, kansa a ƙasa: rishon, man shanun, hodar, da mahaifinsa makaɗin kotso na Ƙaura Namoda wanda ya yi shekaru yana kira manomi. Ya jira zagi, ya ma fi son zagin. Ustaz bai ko kalle shi ba, idonsa yana kan gangar.

"Sake bugawa," ya ce. Badamasi ya sake. "Ashe ina ji."

Ya jawo gangar gabansa, ya shafa hoda, ya ɗora hannu. Yatsan farko ya sauka daidai. Na biyu ya makara, na uku ya ƙi lanƙwasuwa sam. Hannun da ya yi fiye da shekara sittin bai kwana ba kiɗa ba, zaman banza da sanyin ƙashi sun riga sun ɗaure shi. Ya gwada wani ɗan kiɗa da ake koya wa yara, ya karye a tsakiya. Ya sake, ya karye a wuri ɗaya.

Badamasi ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ya kuma ji kalmar ta yi masa ƙanƙanta a baki. Tsohon ya daɗe yana kallon yatsunsa. Daga bisani ya tura masa gangar da bayan hannu, ya ce tunda ɗan makaɗa ne ya gyara zama ya buga, shi zai saurara. Badamasi ya naɗe ƙafa ya fara, yana kuskure, tsohon yana girgiza kai a duk inda ya kauce, don babu ko ɗaya da ya wuce kunnensa.