Waƙar Niƙan Mahaifiyar Tomas

Tomas Dung ɗan Bukuru ne. A coci ya koyi busa ƙaho, cikin yaran da ke maci da kayan busa ranar Lahadi. Da ya samu gurbin karatun kiɗa a Manchester, sai ya kama ɗaki a unguwar Withington, ya faɗa wa kiɗan jaz da ƙarfinsa. Waƙoƙi yake tsarawa masu wuyar busawa, makaɗa 'yan'uwansa suna yabawa, amma masu saurare ba su taka kara sun karya ba.

Wata Asabar a wani ƙaramin biki, leɓensa ya fashe ana tsakiyar wasa. Don kada wurin ya yi tsit, ya sauke ƙahon ya rera wata waƙa da mahaifiyarsa ke yi in tana niƙa. Jama'a suka miƙe tsaye. Ethan, Baturen da ke nemo masa wuraren wasa, ya sa aka naɗe ta a faifai.

Tun daga nan babu mai gayyatar Tomas sai don wannan waƙa. Ya auri Catherine, nas ce 'yar Kafanchan, suka koma Balsall Heath a Birmingham, suka haifi Zoe, ya ci gaba da tsara sababbin waƙoƙi. Ethan kan saurara ya gyaɗa kai ya ce, "Da kyau. Amma ka san abin da suke zuwa ji."

Shekarar da mahaifiyarsa ta rasu, ya ce wa matarsa, "Maman Zoe, na daina yin waƙar nan. Bakina ba zai iya ba."

"To ka gaya musu mana, Baban Zoe. Ai ba contract ka sa wa hannu da ita ba."

Ya gaya wa masu saurare, a wani zaure a Manchester. Suka ɗauka wasa yake. Sai suka fara rera ta da kansu, da karyayyar Hausarsu, suna tafi, mai ganga ya shiga, mai fiyano ya bi. Tomas ya tsaya yana kallon ƙofa. Daga ƙarshe ya matsa kusa da makirfo ya karɓa.

Yanzu ya kusa sittin. Bara likitan haƙori ya ce masa haƙoransa na gaba sun yi rauni, in ya ci gaba da busa za su zube.

"Waƙa fa?" in ji Tomas.

Likitan ya ce waƙa ba matsala, ya yi ta yi.