Na je tsorata mai wankan gawa

Gawa ta uku na fasa kabari ta fito, na saci kallon Baba Ilu. Ko gezau bai yi ba.

Shi ke wanke mana mamata a nan Greensboro ta Amurka, ni kuma na ci alwashin sai na sa shi ya zabura. Shi ya sa na kunna masa wani tsohon fim na matattu masu tashi su ci mutane. Ba kowa ya san fim ɗin ba, amma masoyansa har haddace shi suke yi.

Ya gyara tabarau. "Kai Sadi, da kwat da takalmi aka binne wannan?"

Na ce haka suke yi, Baba.

"Ba wanka, ba likkafani? To ina laifinsa don ya taso?"

Ina cikin dariya ya katse ni. "Ni kaɗai nake wankan nan. In na faɗi, wa zai yi mini? Tunda ba ka tsoron gawa, Asabar ka zo masallaci ka koya."

Jama'a, ni ko yankan kaza ba na iya kallo, amma na ce to. Wanda ya taɓa wankan gawa, yaya ake daurewa?