Randar da Na Hana Zufa

Bazara ce, shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyarta. Ina da shekara tara, muna gidanmu na Yakasai, zafi kuwa ko bangon ƙasa ka jingina sai ka ji shi a gadon bayanka. Aikina cika randa da sassafe, don ruwan ya yi sanyi kafin magariba. Babu abin da Baba yake jira wuni guda irin moɗar nan ta farko.

Wata rana na ga jikin randar ya jiƙe, har gindinta da laima, na ce yoyo take. Akwai ragowar fentin da aka shafa wa ƙofar zaure, na lallaɓa na mulke ta da shi, ina jiran yabo. Washegari da aka sha ruwa Baba ya kurɓa, ya ajiye moɗar, bai ce komai ba. Ruwan da ɗumi. Gara a ce duka na sha da wannan shirun.

Ƙanwarsa, Gwaggo Rabi, tana koyar da kimiyya a firamare. Ni ba a sa ni boko ba, sai da na haihu na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma ranar na zama ɗalibarta. Na tambaye ta me ya ɓata ruwan. Ta ce, "Ke mai fenti ba ki sani ba, sai ni? Zo mu tambayi randar." Ta sayo tuluna biyu ƙanana, na shafa wa ɗaya fenti, na bar ɗaya. Da ya bushe na cika su daga guga ɗaya, na kai wannan inuwa, wancan rana. Ta ce, "In suka bambanta, wa za ki kama, fenti ko rana?" Na haɗa su a inuwa ɗaya.

Da la'asar, da yake azumina na rabin wuni ne, na ɗanɗana. Marar fentin, mai zufar, ya yi sanyi. Duk da haka ba ta faɗi dalili ba, sai ta jiƙa mini damtse ta miƙo mafici. Ina fifitawa, ruwan yana bushewa, wajen yana sanyi, sai na tsaya. "Gwaggo, ashe zufar ce take tafiya da zafin." Ta ce, "To je ki gaya wa Babanki da bakinki." Na gaya masa. Ya sayo sabuwar randa, ya ce ni zan ci gaba da kula da ita.

Bana azumi ya sake zagayowa bazara, babu Baba, babu Gwaggo. Rannan an wuni ba wuta, firij ya zama kabad, 'yata Safiya tana haddar darasin kimiyya don jarrabawa. Na tambaye ta me yake sanyaya ruwan randa. Ta zubo mini layi biyu da Turanci, ba gargada. Na ce ta faɗa mini yadda zan gane. Ta ce, "Umma, haka dai aka rubuta mana." Sai na tuna Gwaggo.

Da gari ya waye na yafa mayafi, na je wajen masu tukwane na sayo tuluna biyu ƙanana. Na ajiye su a gabanta, na ce, "Zo mu tambayi randar."