Ƙwaƙwalwa a Gwangwanin Shayi

Shekara talatin da takwas Lyle Pengilly ya yi yana jan tirela mai bodi uku tsakanin Port Augusta da Darwin, har ranar da likita ya duba bayansa ya ce tuƙi ya ƙare. Ya dawo Quorn, gidan uwarsa da ta rasu, ba mata ba ɗa. Duk garin nan mun san shi, amma sani na ɗaga hannu. Mutum ne da in ka gaishe shi sai ya amsa kamar ka taka masa ƙafa.

Abokinsa ɗaya ne a duniya, Athol Trenerry, tsohon direba shi ma, wanda ke zaune wurin 'yarsa a Port Hedland, tafiyar kwana uku. Athol ne ya haɗa masa kwamfuta da hannunsa, har da sitiyari da birki, ya sa masa wasan tuƙin tirela. Duk Lahadi da ƙarfe biyu sai su hau hanya su biyu, kowa a ɗakinsa, motar Athol a gaba ta Lyle a baya, suna zagin juna ta na'urar magana kamar zamanin oba-oba. A mako guda cur, nan ne kawai Lyle ke buɗe baki ya yi dariya.

To, sai masu wasan suka sabunta shi, kwamfutar Lyle ta ce ba da ita ba. Motarsa ta riƙa tsayawa cak a tsakiyar titi. Lahadi uku ba su fita ba, Lyle ya rame wallahi.

Ran nan sai ga saƙo ta gidan waya: gwangwanin shayi, a ciki an naɗe wani ɗan abu mai faɗin biskit a tsohuwar safa. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ce, wadda ta fi tasa ƙarfi. Gefenta da ragowar wani toka-tokan mai da ya bushe, amma Lyle bai kula ba. Akwai takarda kuma, rubutun duk ya karkace kamar an yi shi a bayan mota.

Ku ce ya karanta? Ina! Mutumin da ya sauke injin tirela a jeji shi kaɗai, takarda za ta koya masa aiki? Ya buɗe kwamfutar, ya cire fanka, ya zare tsohuwar ƙwaƙwalwar, ya yi mata abin da yake yi wa kowane tsohon ƙarfe: ya jefa ta cikin gwangwanin notoci a rumfar baya. Ya dasa sabuwar, ya kunna. Fanka na juyawa, fuskar kwamfuta baƙi ƙirin.

Sai a lokacin ya ɗauko takardar. Layin farko, da manyan baƙaƙe: KADA KA CIRE TSOHUWAR TUKUNA, JAKI.

Ya buga waya.

"Ka cire, ko?" in ji Athol, tun kafin gaisuwa. Muryarsa ta yi nauyi, kamar mai magana da abinci a baki.

"Wa ya ce maka?"

"Shekara arba'in na san ka. Saurara, tsoho. Babban farantin da ƙwaƙwalwar ke zama a kai bai san sabuwar ba. Akwai 'yar manhaja a jikinsa, BIOS ake ce mata, sai an sabunta ta zai karɓi baƙuwa. Kuma ba ta sabuntuwa sai tsohuwar na ciki. Mayar da ita. Tana ina?"

Lyle ya leƙa rumfar baya ta taga.

"Kai, kada ka ce mini gwangwanin notoci."

"Me ya sami muryarka?"

"Haƙori ne. Je ka ɗauko ta."

Ƙasan tsohuwar ƙwaƙwalwar da ya tono daga cikin notocin cike yake da 'yan allurai na zinariya, sun fi dubu, sirara kamar gashi. Goma sha ɗaya sun kwanta. In guda ta karye, shi ke nan, kuma mai gyara mafi kusa ya ce sai bayan mako biyu. Ranar Juma'a ce. Lyle ya zauna a teburin kicin inda rana ke shigowa, da tabarau biyu a hanci, ɗaya kan ɗaya, da reza a hannu. Yatsun nan nasa kamar rogo, amma haka ya bi allurai ɗaya bayan ɗaya yana tayar da su, yana riƙe numfashi. Shayinsa ya huce har sau uku. Ba wanda ya leƙo, don dama ba mai leƙowa. Tsoro ya ji sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da birkinsa ya tsinke a gangara.

Da safiyar Asabar tsohuwar ta faɗa gurbinta, fuskar kwamfuta ta kawo haske. Wannan karon ya bi takardar layi-layi da yatsa. Ya sauko da manhajar a ɗan filashi, ya shiga inda aka ce, ya danna. Layi na bakwai ya ce in wuta ta ɗauke ana cikin yi, farantin ya mutu. Lokacin zafi ne, kowa ya kunna na'urar sanyi. Lyle ya kashe firji, ya kashe fankar ɗaki, kamar hakan zai taimaki garin, ya zauna gumi na zuba yana kallon wani ɗan layi yana rarrafe. Minti shida. Kwamfutar ta mutu ta farfaɗo da kanta sau biyu, shi ma kusan haka.

Sannan ya cire tsohuwar, ya naɗe ta a safar nan, ya dasa ta Athol, ya ɗiga sabon man rage zafi a kai yadda takardar ta ce, ya ɗaure fanka. Ta tashi. Motarsa ta bi titi sumul.

Lahadi tun ɗaya da rabi yana zaune da hular direbobi a kansa. Biyu ta yi, biyu da kwata, babu motar Athol. Sai waya ta yi ƙara.

"Kana ina, malalaci? Na ɗumama inji," in ji Lyle.

"Lyle, ba haƙori ba ne. Wata guda ke nan, ɓarin dama ya shanye. Hannun ba ya riƙe sitiyari."

Lyle ya dubi gwangwanin shayin da ke kan tebur. Ya tuna busasshen man nan, da karkataccen rubutu.

"Wannan ƙwaƙwalwar... daga ina ka samo ta?"

"Ina kuwa? Daga cikin tawa. 'Yata ta cire mini. Me zan yi da ita?"

Lyle ya cire hular daga kansa. Hawaye ne suka zo masa, ya bar su.

"To, ka tsaya kallon me?" in ji Athol. "Jingina wayar kusa da lasifika in ji ƙarar inji. Kuma ka riƙa faɗa mini abin da ke gaba."

Lyle ya jingina wayar da kofin shayi, ya saki birki. Titi ya miƙe fayau, babu jar motar Athol da ya saba bi shekara shida.

"Me kake gani?"

"Ba komai," in ji Lyle. "Hanya ce kawai."

"To ja mu je. A hankali, ka san ba ka iya kwana ba."