Hoton da Anti Rabi ta rufe

Ban faɗa wa kowa ba, amma tun da labarin rasuwar Anti Rabi ya iso gidanmu da safen nan, fushi nake da ita. A wayar Yaya Sani nake rubuta wannan.

Ƙanwar Inna ce, a birni take aiki a lab, ɗakin binciken kimiyya. Ita ce ba ta taɓa ce min "ɗaga murya" ba. Sai dai ta matso da kunnenta.

Aikinta a kan ɓeraye ne. Na taɓa cewa zan kama mata na rumbunmu. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Hajara, ɓerayena sun fi Sani wanka."

A wurin aikinsu suna ɗebo ƙwayoyin B daga ɓargon ɓera, waɗanda idan sun girma suke kare jiki daga cuta. A shafa musu kala, na'ura ta jera su ɗaya bayan ɗaya su wuce ta gaban haske, kowace ta fito ɗigo a hoto. Ta koya min karantawa: nan jarirai, nan masu tasowa, nan waɗanda suka girma.

Da Sallah ƙarama ta zo a rame, ta ce azumi ne. Muna zaune a gindin darbejiya tana nuna min hotuna a wayarta, sai wani ya fito, ɗige-ɗigen duk sun cunkushe wuri ɗaya.

Na ce, "Anti, wannan duk jarirai ne, sun ƙi girma."

Ta kife wayar. "Wannan ɓeran ba shi da lafiya."

Sunanta na gani a saman hoton. Na ɗauka don aikinta ne.

Yau Inna take cewa kansar jini ce ta yi ajalinta, tun kafin azumi suka sani. Har Yaya Sani ya sani.

A ranar da muka zauna a gindin darbejiyar ne kuma Anti ta ce da dogon hutu za ta kai ni in ga na'urar, za ta roƙi Baba ya bar ni in ci gaba da makaranta, don ya ce daga bana sai suyar ƙuli tare da Inna. Ta riga ta karanta hoton nan, ta san nata ne, kuma ta yi min alkawari.

Allah Ya jiƙanki, Anti, Ya sanyaya makwancinki. Don Allah ku sa ta a addu'a, tawa har yanzu da fushi a ciki.

Ban taɓa fara yi wa Baba magana ba. Bayan sadakar uku zan same shi a zaure da maganar makaranta, ni kaɗai.