Lambar da Baba Ya Naɗe a Gafaka

Salular Baba ta farko a cikin wani yankakken galan take yini, wanda ya kafe da ƙusa a jikin katangar makewayi. A duk faɗin gidanmu, nan kaɗai rezon kamfaninsa, wato sabis ɗin waya, yake yarda ya sauka. In ka matsa da ita wajen murhu sai ta tsallake kogi ba ko fasfo, ta aiko saƙo da Faransanci tana yi maka barka da zuwa Benin, alhali kana tsaye gaban tukunyar Inna. In ka hau soro kuma 'yan Najeriya ne za su tarbe ka da nasu Turancin. Shi ya sa duk mutumin Gaya mai hankali yake yawo da pus uku, wato ɗan katin nan da ake sa wa waya: na gida, na Malanbil ta Benin, da na Kamba ta Najeriya.

Baba kuwa, tsohon direban kamyo, wato babbar motar kaya, guda ɗaya gare shi, kuma na kamfanin da ya fi kowane raki. Baƙo zai zo gaisuwa ya tarar da dattijo mai furfura ya kafa kunne a katangar makewayi yana ta "Alo! Alo!" Ni da nake cike wa direbobi takardu a bakin duwan, wato ofishin kwastan, ina ganin kaina wayayye, abin yana ba ni kunya ƙwarai.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Yayana ya bi mota zuwa Kwatano shekaru da suka wuce, daga can aka ce ya shiga jirgin ruwa. Da farko yakan kira duk Sallah, daga baya ya yi shiru. Ba mu da lambarsa, shi ne yake da tamu, kuma wannan ta Baba ce kaɗai ya haddace.

"Wagga lamba ita yayanka ya sani," in ji Baba, duk lokacin da na taso da maganar canji.

Ni a raina na riga na sallama Yaya. Haushinsa nake ji, don na ga yadda Inna take zabura duk sanda galan ya yi ƙara.

Bayan wata Babbar Sallah wayar ta faɗo daga galan ta tsage, na ce madalla. Na ja Baba zuwa kasuwa, wurin wani Badende mai butik, wato shagon salula, mutumin da zai iya sayar wa kifi laima. Ya tarbe mu da "Fofo, fofo," ya shimfiɗa kaya a kan tebur. Ya fara ɗauko wata baƙa mai kaurin bulo, da tocila a goshi da rediyo a ciki. Da ya kunna ta, masu kabu-kabu na tsallaken titi sai da suka waiwayo.

"Wagga pus ukku taka ci, Alhaji," in ji shi. "Sharji guda, sati guda. In ɓarawo ya taho kuma ka jehe shi da ita."

Idon Baba ya kwanta a kanta, na gani sarai. Amma ni na zo ne in fitar da gidanmu kunya, ba zan koma da bulo ba. Na nuna wata siririya mai shafe-shafe, baƙinta yana ƙyalli.

"Patoro, waccan biyu taka ci," in ji mai butik, yana kirana maigida da Faransancin kasuwa.

Na ce biyu sun isa. Na zaɓa wa Baba sabon kamfanin da rezonsa ke shiga har ƙuryar ɗaki, wanda ni ma nake kai, na ƙara masa da na Benin saboda abokansa direbobi. Gurbi biyu sun cika ke nan. Na zuba masa bayani da Faransancin da ni kaina rabi nake ji, har ya gaji ya miƙa katinsa na ɗan ƙasa aka yi rajista.

"To tsohuwar hwa?"

"Ka aje ta, Baba. Ranar da kake so sai a sa."

Haka na faɗa, da bakina. Na taɓa jin cewa in aka bar pus wata da watanni ba a mora ba, kamfani yana karɓe lambar ya sayar wa wani. Na sani, amma a lokacin hankalina yana kan yadda wayar za ta fito a aljihun babbar rigarsa ranar Juma'a.

Baba ya naɗe tsohon pus a takarda, ya ɗaure da zare, ya sa a gafaka tare da Alƙur'aninsa. A ganinsa lamba a cikin ɗan katin take zaune, in dai ruwa bai taɓa shi ba, ɓera bai ci ba, to tana nan lafiya.

Sabuwar waya kuwa ba su taɓa shiri ba. Yatsunsa sun yi kanta da sitiyari, in ya shafa ba ta ji, in ya danna da ƙarfi sai ta ɗauki hoton hancinsa. Hotunan hancin Baba sun fi na jikokinsa yawa a cikinta. Sau biyu yana kiran limamin unguwa daga cikin aljihu yana tsakiyar zagin awakin maƙwabta. Amma tana kamawa ko'ina, ni kuma na yi ta yabon kaina a majalisar shayi.

Ana sauran kwana biyu Ƙaramar Sallah, da hantsi, ya kira ni. Ya kwance zaren a hankali ya miƙo mini.

"Hidda na Benin ka sa min wagga. In yaron zai kira, da Salla yaka kira."

Na sa, na kunna. Wayar ta yi ta lalube ba ta kama komai ba. Na kai ta har katangar makewayi, shiru. Na fita ƙofar gida, na buga tsohuwar lambar da tawa wayar, ina fatan in ji an ce a kashe take.

Sai ta shiga. Wata mata ta ɗauka, ina jin ƙarar taɓarya a bayanta. Ta ce a garin Bana take, mijinta ne ya sayo mata pus ɗin sabo ful a kasuwa. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Kai ma Baban nan kaka nema? Wani ya dame ni cikin azumin ga, har sau ukku. Muryatai nesa-nesa, kamar daga cikin rijiya."

"Baiwar Allah, mi ya ce?"

"Wai Baba direba na Gaya. Na ce ban san shi ba. Na ukkun ya ce to ina mai lambar? Na ce mai lambar dai ba shi, ni aka ba ta. Sai na ji ya yi innalillahi, yana kuka, ya kashe. Bai sake kira ba."

Na roƙe ta ta duba lambar da ya kira da ita. Ta ce ba lamba ta fito ba, wani rubutu ne, kuma 'ya'yanta sun goge komai tuni suna wasa da wayar. Na roƙe ta in ya sake kira ta ba shi tawa. Ta ce to, irin "to" ɗin da ake yi wa mai talla.

Na daɗe a tsaye a ƙofar gida. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na yi niyyar in ce masa rezo ne ya lalace, kamar yadda kowa yake cewa a garin nan. Da na shiga na tarar da shi zaune a kan tabarma, ya ɗora wayar a gwiwa yana jira. Na kasa. Na durƙusa na faɗa masa duka, har da cewa na san ana karɓe lamba tun ranar kasuwa.

Bai zage ni ba, na so a ce ya zaga. Ya ɗaga murya ya kira Inna daga madafa.

"Taho ki ji. Ɗanki na da rai."

Ya murza zaren nan a yatsunsa.

"Ni ne dai na mutu a wurinai."