Buhu Dubu Goma

Jiya na ji an ambaci miliyan cif a rediyo, sai kakana ya faɗo mini a rai. Bai taɓa yarda da adadin da ba ɗoriya ba.

Shekarar fari, wani baƙo mai ƙamshin turare ya ce mana buhu dubu goma na hatsin agaji suna hanya. Maƙwabta suka fara daka irin shukarsu. Innata ma ta nufi rumbu, tsohon ya tare ta.

"Dubu goma ta rabu biyu, ta rabu biyar, ba saura. Abin da hannu ya ƙirga ba ya fitowa sumul haka. Bar gerona."

Muka rayu kan ɗacin tafasa, muna jin haushinsa. Hatsin bai zo ba. Da ruwa ya sauka, daga rumbunsa unguwarmu ta yi shuka.

Allah Ya ba shi ladan da ba ya ƙirguwa.